Yawon Sallah a Tarkwa Bay da Jinyar da Ta Biyo Baya

Mutumin Arewa in ya sauko Legas, abu na farko da yake rainawa shi ne ranar garin. Yana da hujjarsa kuwa. Wanda ya sha bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke haura digiri 40 har kwalta ta yi laushi, in ka ce masa zafin Legas a watan Maris da Afrilu bai cika wuce 33 ko 34 ba, dariya zai yi maka. A majalisar da ke taruwa bakin shagon ɗinkina a Agege babu wanda ya kai wani Basakkwace wannan raini. Dako yake yi a kasuwar Mile 12, ƙato ne da ke cicciɓar buhun albasa shi kaɗai. Kullum maganarsa ɗaya ce: ranar da ba ta kayar da shi a gonar gero ba, ba ta bakin ruwa ce za ta kayar da shi ba.

Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar Laraba, 10 ga Afrilu. Mu teloli ba mu da Sallah sai kowa ya gama tasa, shi ya sa sai ƙarshen mako muka samu sukunin fita. Tun watan Fabrairun shekarar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take ta gargaɗi a kan tsananin zafi, kuma duk wanda ya yi azumin wannan shekara a Legas ya ji a jikinsa. Aka ce to a je bakin teku a sha iska. Aka tsayar da Tarkwa Bay, saboda ruwansa ya fi na sauran wuraren kwanciya, ga kallon manyan jirage masu shiga tashar Apapa.

Cikinmu akwai mai shayin layinmu, da wasu teloli, da wani malami ɗan agajin masallacinmu wanda ya taɓa samun horon taimakon gaggawa, da Basakkwacen. Sai ɗan yayata, yaro ɗan sakandare da ya zo mana hutu daga Funtuwa. Zabiya ne, kuma bai taɓa ganin teku ba. Uwarsa ta ja mini kunne a waya, ni ma na ja nasa: riga mai dogon hannu, dogon wando, malafa, kada a cire ko ɗaya.

Mota ba ta zuwa Tarkwa Bay. Danfo muka hau zuwa Oshodi, muka sake wata zuwa CMS da ke bakin ruwa a tsibirin Legas, daga nan muka shiga jirgin ruwa mai inji, kowa da rigar kariya. Hantsi ya dubi ludayi muka sauka. Sama ta yi hazo-hazo da siririn gajimare, iska na kaɗawa mai daɗi, babu wanda ya ji rana a jikinsa. Muka kama hayar rumfa, muka ajiye kula da kayan shayi, samari suka ja layi a kan yashi aka fara ƙwallo.

Basakkwacen ya tashi da azumin Sitta Shawwal. Malam ya ce masa ya zauna a rumfa, ya ce ai gola kawai zai tsaya. Kafin a je ko'ina golan ya bar raga ya koma ɗan gaba, yana ta kwasar gudu a cikin yashi mai nutsa ƙafa. Aka tsaya aka yi Azahar, aka koma.

Abin bai zo masa gaba ɗaya ba. Da farko tsokar sha-raɓarsa ce ta ƙulle, ya zauna yana matsawa yana dariya. Ya miƙe, ya yi taku kaɗan, sai ya dafe kai ya ce ƙasa na juya masa. Da muka isa gare shi ya riga ya durƙushe. Ya jiƙe sharkaf da gumi, amma da na taɓa damtsensa sai na ji sanyi ƙalau, fatar na danƙo. Fuskarsa ta yi toka-toka, numfashi sama-sama. Sai ya kwara amai, ruwa-ruwa mai ɗaci, tunda babu komai a cikin.

Nan take aka yi masa rumfa da kawuna, kowa da maganinsa. Wani ya ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, a yi masa tofi. Wani ya ce a fasa albasa a shaƙa masa. Wata mata mai sayar da soyayyen kifi ta taho da cokali wai a cusa masa a baki kada haƙora su datse. Malam ya daka tsawa ɗaya kowa ya ja baya. Tofi dai ya yi, a gurguje, sannan ya ce a ɗauke shi zuwa inuwa.

Muka kwantar da shi rigingine a rumfa, aka tara jakunkuna aka ɗora ƙafafunsa a kai don jini ya koma wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Malam ya cire masa riga, ya sassauta tazugen wando. Ya ce a kawo duk ruwan ledar da ke cikin kula. Ya riƙa fasawa yana yayyafa masa a ƙirji da kai da hannuwa, mu kuma muna ta fifita da kwali. Ƙanƙarar da ta rage ya ƙunsa a tsummoki, ya sa ɗaya a kowace hammata, ɗaya a wuya, sauran a matsematsi. Ya ce manyan jijiyoyin jini ta nan suke bi kusa da fata. Duk wannan aiki yana yi bakinsa bai huta ba.

"Malam Basakkwace, ina muke yanzu?"

"Bakin ruwa... Takwa Be."

"Yau wace rana? Wa ya biya kuɗin jirgi?"

Ya amsa duka daidai, har ya nuna ni da yatsa. Malam ya juyo ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ya ce muddin mutum na gane mutane yana amsa tambaya yadda ya kamata, galabaita ce zafi ya yi masa: ruwa da gishirin jiki sun tsiyaye ta gumi, jini ya yi ƙaranci a jijiya. Amma in ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko jijjiga, ko ya sume, to ya tsallaka zuwa bugun zafi ke nan, wanda zafin jiki ke haura digiri 40 ya fara taɓa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Wannan kisa yake yi, kuma ba a jiran isa asibiti kafin a fara sanyaya mutum. Ya ce ko bushewar fata ba abin jira ba ce, don wanda zafi ya buge yana cikin gudu ko aiki sau da yawa gumi na zubo masa har a lokacin.

Sai aka zo wajen shan ruwa, rigima ta tashi. Basakkwacen ya kawar da kai, ya ce saura kaɗan a yi La'asar, ba zai ɓata azuminsa ba.

Malam ya tsuguna daidai kunnensa. "Ɗan'uwa, ko na Ramadan ne Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, a cikin Baƙara yake. Balle nafila. Shawwal bai ƙare ba, ka sake ɗauka wata rana. Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Ba zallan ruwa aka ba shi ba. Malam ya juye ruwan leda biyu a gora, lita ɗaya ke nan tunda kowace leda rabin lita ce. Mai shayi ya kawo sukari aka auna ƙaramin cokali shida a shafe, ba a tula ba. Matar nan mai kifi, da cokalinta bai yi amfani ba, ita ta ba mu gishiri, rabin ƙaramin cokali. Aka girgiza. Haɗin nan ne dai da mata suka sani na yaro mai gudawa. Malam ya tallafo kansa ya riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, ya hana shi kwankwaɗa. Ya kuma gargaɗe mu cewa da a sume yake ko ɗigo ba za a ɗura masa ba, don huhu zai tafi, sai dai a kwantar da shi ta gefe.

Ya ce in duba agogon waya. Ƙa'idar ita ce minti 30: in an kai mutum inuwa, an sanyaya shi, an ba shi ruwa, ya kamata a ga sauƙi cikin wannan lokaci. In ba a gani ba, asibiti. Minti 30 ɗin suka cika, ya ɗan dawo hayyacinsa, yana iya zama. Amma ya sake amayar da abin da ya sha, kansa na sara, kuma da Malam ya tambaye shi rabonsa da fitsari sai ya ce tun asuba. Malam ya ce a tattara.

A nan ne zaman wurin tsibiri ya zame mana aiki. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, kyauta ake kiransu, amma ko motar asibiti ta zo iyakarta bakin gaɓa, sai ka ƙetara ruwa ka same ta. Muka yi shatar jirgi ba mu jira ya cika ba. Wajen lissafa kawuna ne aka ga babu yaron. Can na hango shi cikin ruwa har ƙugu, ba riga, yana ta tsalle da yaran wurin. Ya naɗe rigar da malafar ya danne da dutse don kada igiyar ruwa ta tafi da su. Ashe tun fara ƙwallo yake ciki.

"Kawu, wallahi babu rana, ruwan ma sanyi gare shi."

Na duba kafaɗunsa, ɗan ja kaɗan ne kawai. Na ce ya mayar da rigarsa mu tafi.

Daga bakin gaɓa tasi muka ɗauka zuwa wani asibiti mai zaman kansa da ke kusa. Aka auna Basakkwacen: zafin jiki ya ɗan haura 38, jini ya yi ƙasa, zuciya na gudu. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa nan take, aka ɗebi jini don duba zazzaɓin cizon sauro, tunda alamun suna kama da juna, da kuma lafiyar ƙoda. Likitar Bayarabiya ce da ta yi bautar ƙasa a Arewa, Hausarta tana fita. Da ledar farko ta ƙare ta ba shi kwalba ya kawo fitsari. Ɗan kaɗan ya samu, ja kamar an jiƙa kanwa. Ta ɗaga kwalbar ta nuna masa, ta ce abin da take tsoro shi ne ya fito kalar baƙin shayi, domin wannan alama ce tsoka ta fara narkewa tana toshe ƙoda.

Ta tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce a'a, sai dai na ciwon jiki da yake saya a kemis in ya tashi daga dako. Ta sa ya faɗi sunansa, ashe diclofenac ne. Ta girgiza kai. Ta ce shi da ibuprofen da danginsu, in jiki ya bushe ba ruwa aka sha su, ƙoda suke wa illa, kuma kada ya kusance su sai ta ba shi izini. Ta ƙara da cewa ko farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, don ba zazzaɓin cuta ba ne, ruwa da iska ne maganinsa. Masu shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, da tsofaffi, da ƙananan yara, da masu ciwon sukari, su zafi ya fi saurin kayarwa.

Basakkwacen, daga kwance, bai haƙura da gardamarsa ba. Ya ce, "Likita, ni fa a Sakkwato na girma." Ta yi dariya ta ce ba lambar ma'auni kaɗai ake dubawa ba, ana duba danshin da ke cikin iska. Gumi ba ya sanyaya jiki don ya fito, sai in ya bushe ya tafi da zafin. Ni da na taso ina shan ruwan randa, nan take na gane. Randa a Funtuwa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, busasshiyar iska ta kwashe, ruwan ciki ya yi sanyi. Kawo randar nan Legas, jikinta zai jiƙe ya zauna a jiƙe, ruwan kuma ɗumi. Haka jikin mutum yake a garin da danshin iska ke kai kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Digiri 33 a irin wannan danshi jiki na jin sa kamar ya haura 40. Gumin na ta zuba, mai aikin ƙarfi na iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya, amma zafin na nan a ciki. Wata biyu bayan wannan ne aka yi Hajjin da hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, lokacin da zafi a Makka ya kai digiri 51.8. Da labarin ya iso majalisarmu babu wanda ya tambayi yadda rana ke kashe mutum.

An riƙe Basakkwacen ya kwana. Muna shirin tafiya likitar ta ga yaron zaune a benci yana ɗaga rigarsa daga kafaɗa don kada ta taɓa fatar. Ta tsaya. Ta tambayi tsawon zamansa a rana, ta ɗaga rigar ta duba, sannan ta dube ni ta ce abin da nake gani yanzu somin taɓi ne. Ƙunar rana ba ta nuna kanta sai bayan awanni, kuma tana kai maƙura ne wajen awa 24. Ta rubuta mini abin da zan yi da wanda ba zan yi ba a bayan takardar magani.

Gaskiyarta. Kafin mu isa Agege bayansa ya yi jajur, daga ƙeya har ƙugu, in ka kai hannu kusa kana jin hucin. Da dare sai rawar ɗari, haƙora na haɗuwa, ga fatar kuma zafi zau. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Maiɗakina ta ɗauko manja za ta shafa masa, maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce man goge baki ya fi, wata ta ce ɗanyen ƙwai. Na haska fitilar waya na karanta musu takardar likita: ba mai, ba basilin, ba man zafi, ba ƙwai, ba ƙanƙara kai tsaye a kan fatar. Mai yana rufe fata ya riƙe zafin a ciki, sauran kuma ƙazanta suke kai wa rauni. Maƙwabciyar ta tafi tana cewa likitocin zamani sun raina maganin iyaye. Ban tanka ba.

Abin da muka yi kaɗan ne, maimaitawa ce mai yawa. Ya yi wanka da ruwan famfo mai sanyi ba sabulu ba soso. Ya kwanta ruf da ciki, muka jiƙa tsohon zani mai laushi muka shimfiɗa masa a baya, in ya ɗumama a sake jiƙawa. Farasitamol bisa ƙa'ida don rage raɗaɗin ƙunar. Ruwa kuwa kofi bayan kofi, domin ƙonanniyar fata na janyo ruwan jiki zuwa gare ta, mai ƙuna na iya bushewa ko yana kwance a ɗaki. Haka muka raba dare ni da maiɗakina, ɗaya na fifita ɗaya na gyangyaɗi.

Da gari ya waye kafaɗun sun yi bororo, manya-manya sun ɗuri ruwa, wasu sun haɗe da juna. Saman kunnuwa ya tashi, ƙeya ta tashi, leɓen ƙasa ya kumbura ya tsage. Har bayan ƙafarsa ya ƙone, wurin da ban taɓa tunanin rana na kula da shi ba. Idanunsa sun yi ja, ya ce ji yake kamar an zuba masa yashi. Takardar ta ce in bororo ya yi faɗi, ko da zazzaɓi, ko amai, a je asibiti. Muka je na unguwa.

Nas ɗin da ta karɓe mu ba ta fasa ko ɗaya ba. Ta ce fatar da ta rufe bororo ita ce bandejin da Allah Ya yi masa, in ka tsaga ta da allura ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Waɗanda suka fashe da kansu saboda kwanciya ta wanke da ruwan gishirin asibiti, ta shafa man ƙuna da likita ya rubuta, ta rufe da bandejin da ba ya manne wa rauni. Ta ce mu lura da mugunya, ko wari, ko jan da ke yaɗuwa yana ƙara zafi. Muka riƙa komawa wanki. Yaron bai iya sa riga ba sai wata tsohuwar taguwa tawa mai faɗi da na farke wa wuya.

Bayan 'yan kwanaki zafin ya lafa, ƙaiƙayi ya karɓe shi, kuma a ganina wannan ya fi ba shi wuya. Fatar ta fara saɓewa falle-falle. Hana yaro ɗaye irin wannan fata sai da tsaro, don hannu da kansa yake zuwa. A wannan mataki ne aka yarda maiɗakina ta kawo man kaɗanyarta, a wuraren da suka bushe ba rauni. Sabuwar fatar da ta fito ta fi ta da rauni, aka ce kada rana ta gan ta sam.

Likitan unguwa ne ya lura da wani ɗan kaushi a gefen kunnen yaron, wanda ba na wannan ƙunar ba ne, ya daɗe. Ya ce mu kai shi wajen likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. Ikeja ta fi mana kusa. Muka yanki kati, aka ba mu rana, muka yi sammako muka bi layi. A can ne na samu bayanin da ya warware mini abin da yaron ya faɗa a cikin ruwa, cewa babu rana.

Zafin da kake ji a jiki daban, abin da ke ƙona fata daban. Wani ɓoyayyen haske ne a cikin hasken rana da ake kira UV, ido ba ya ganinsa, fata ba ta jin ɗuminsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 80 cikin ɗari nasa na iya ratsa siririn gajimare. Busasshen yashin bakin teku na mayar da kusan kashi 15 sama, kumfar teku kusan kashi 25, wato mai tsaye a wurin ta sama da ta ƙasa yake sha. Legas kuma digiri 6 da ɗoriya ce kawai arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, a farkon Afrilu rana ta tsakar kai take ratsawa cak. Iska da ruwan sanyi sai su ɗauke maka zafin da zai kore ka zuwa inuwa, ƙunar kuma na ci gaba. Likitan ya ba mu ma'aunin da ba ya bukatar na'ura: in inuwarka ta fi ka gajarta, rana na da ƙarfin ƙonawa. Daga ƙarfe 10 na safe ke nan zuwa 4 na yamma, hantsi zuwa La'asar.

Mu masu baƙar fata sinadarin melanin mai ba fata launi ke tare mana kaso mai yawa, ko da yake bai hana mu ƙonewa ɗungurungum ba. Zabiya ba shi da wannan garkuwa, ko yana da ita 'yar kaɗan. Kowace ƙuna tana barin ɓarna a cikin fata ko ta warke a ido, ɓarnar na taruwa shekara da shekaru. Irin kaushin nan na kunne shi ne gargaɗin farko, in an bar shi wani kan rikiɗe ya zama kansar fata, cutar da ke cin zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna da ƙuruciya. Na yaron an kama shi da wuri, aka yi masa magani, aka ce a riƙa kawo shi dubawa, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa kada a tsaya shafe-shafe a gida. Na tuna zabiyoyin da na sani a garinmu masu gyambo a wuya da leɓe, ana cewa wai gishiri ne ko kifi ba ya karɓarsu. Rana ce, tun suna goye.

A layin nan na ga ba zabiyoyi kaɗai ba ne. Akwai mata da man bilicin ya cinye wa fata, kumatu sun ƙone sun yi baƙi, sauran fuskar ja. Mayukan nan melanin ɗin suke kashewa, wasu kuma su sirantar da fata, mace ta sayi raunin zabiya da kuɗinta. Ba a banza hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ke ta yaƙi da su ba. Wasu magunguna ma, irin su doxycycline, suna sa fata saurin ƙonewa muddin ana shan su.

Aka rubuta mana man kariyar rana. A jikin kwalbar akwai lamba bayan haruffan SPF mai nuna ƙarfin kariyarsa, aka ce kada ta gaza 30, ga irinsa 50 ta fi, kuma a duba an rubuta yana tare nau'ukan UV biyu, UVA da UVB, duka. A shafa kamar minti 20 kafin fita, a maimaita duk awa 2, da bayan shiga ruwa ko gumi mai yawa. Kunne, ƙeya, leɓe, bayan hannu, bayan ƙafa. Da na ji kuɗin 'yar ƙaramar kwalba a kantin magani sai da na sake tambaya. In za a shafa yadda aka ce, ba za ta yi wata ba, kuma ban ga yadda yayata za ta jure sayensa a Funtuwa ba. Na koma na faɗa wa likitan haka. Ya ce to a bar man ga fuska da wuya da hannu, sauran jiki tufafi su yi aikin, a ƙara da tabarau mai tare UV.

Basakkwacen an sallame shi washegari, ƙodarsa lafiya. An ce ya huta kamar mako guda, in zai koma dako ya fara da kaɗan, saboda wanda zafi ya taɓa kayarwa yana saurin sake faɗuwa a kwanakin farko. Bai cika makon ba, bakin abinci ba ya jira. Amma ya koma sauke motocin da ke shigowa da dare da asuba, kuma yanzu da ƙullin gishiri da sukari a aljihunsa. Sittarsa ya ƙarasa a ranakun da ba ya aiki. Gardamar ranar Sakkwato dai har gobe yana yi, sai dai ya ƙara mata cewa ta Legas munafuka ce.

Batun tufafi kuwa fagena ne. Ba kowace riga mai dogon hannu ke tare rana ba. Ka ɗaga yadi ka duba ta cikinsa wajen haske: in kana hango hasken ta ramukan saƙar, UV ma na wucewa. Farin yadi shara-shara da muke so saboda zafi kusan ba ya tare komai, in ya jiƙe kuma ya ƙara lalacewa. Mai matsattsiyar saƙa ake nema, kuma mai duhun launi ya fi fari tarewa, sai a yanka shi da faɗi don iska ta riƙa shiga. Na shiga kasuwa na yi ta ɗaga yaduka sama har masu shaguna suka fara kallona, na samo auduga mai kauri ruwan toka da shuɗi. Na ɗinka masa riguna masu tsayayyiyar kwala da ke rufe ƙeya, hannun ya sauko har ya rufe bayan hannu, da hula mai faɗin baki da na sa wa labule ta baya.

Da ya koma Funtuwa yayata ta kira ta ce rigunan sun yi, amma kayan makarantarsu gajeren hannu ne, kuma a cikin rana ake tsayar da su taron safe da na tashi. Na ce ta kai wa shugaban makarantar takardar likitan fata ta nemi a bar shi ya sa dogon hannu da hula, ya kuma riƙa tsayawa a baranda. An amince. Ta aiko mini da ƙyallen yadin makarantar ta hannun direban motar tumatir, na nemo mai kaurinsa a launi ɗaya na ɗinka, na mayar ta hannun direban.